Kifayen Yaya

Yayata ce ta jawo mana, ko da yake ba da gangan ba. Aikinta a ɗakin bincike shi ne ƙera wasu 'yan abubuwa masu siffar murɗaɗɗiyar ƙusa, ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu. A zuba su a ruwa, a juya maganaɗisu daga waje, sai su riƙa iyo suna jan ɗigon magani zuwa inda ake so. Wata rana ta nuna wa Umma bidiyonsu a waya, ta ce nan gaba za su kai magani har ƙasan ido.

Shi ke nan fa! Umma, da ciwon suga ke cin idanunta, ta ce ita da allurar ido har abada. "Zan jira kifayen 'yata."

Likita ya yi faɗa, Kawu ya yi lallashi, ni kuwa na yi ta masifa har muryata ta dushe. Yaya ma ta durƙusa ta ce, "Umma, da sauran shekaru fa." Umma ta yi dariya. "Ke dai kin cika ƙanƙan da kai."

Da idon hagu ya tafi, haushi ya sa na sako Umma a mota sai wurin aikin Yaya. Na ce, "Nuna mata gaskiya, mu huta."

Yaya ta zaunar da ita gaban allon kwamfuta, ta ɗiga kifayen a wani ruwa mai yauƙi irin na cikin ido, ta kunna maganaɗisun. Ga su nan suna ta juyi a wuri ɗaya, kamar tayar mota a taɓo. Ko gaba ba su yi ba.

"A tsabtataccen ruwa ne suke gudu," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "A nan ba sa tafiya. Kin gani, Umma?"

Umma ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon, ta karkata kai ta kawo idon dama. Ta daɗe a haka. Sai na lura gefen allon take kallo, inda babu komai.

"Ma sha Allah," ta ce, tana laluben hannun Yaya. "Dubi yadda suke gudu."

Yaya ta kashe na'urar. Ni dai waje na fita na yi kukana.