Bakin Uba a Ranar Lambar Maruƙa

Duk shekara, ranar da ake yi wa maruƙa lamba da ƙarfen wuta a garken su Crisanto, da an zauna cin gasasshen nama da wainar masara, sai mahaifinsa, tsoho Nicanor, ya sa mai gita ya rera tsohuwar waƙar ɗan da ya zare wa ubansa wuƙa. A waƙar, uban ya yi masa baki, rana ba ta faɗi ba bijimi ya soke ɗan har lahira.

Crisanto ya haura shekara arba'in bai taɓa ɗaga wa tsohon murya ba, shi ya sa abin yake ɗaure masa kai. Bana dai ya kasa haƙuri.

"Wai Baba, da ni kake? Me na yi da kullum sai an ja min kunne da waƙa?"

Nicanor ya ajiye kofinsa. "Kai kuma wa ya sako ka a ciki? Ni kaina nake ja wa kunne. Yaron ya mutu ya huta. Uban da ya buɗe baki fa? Ka taɓa jin baitin da ya faɗi yadda ya kwana ran nan?"