Allon da Ba Ya Ja

Da aka kafa allon lantarki a ɗakin gaggawa na wani asibiti a ƙasar Tanut, Majo Yahuza, shugaban masu jinya, sai da ya ɗinka sabuwar riga. Allon yana nuna sunan kowane maras lafiya. In mutum ya yi rabin awa ba a duba shi ba, sunansa ya koma ja.

Kwana uku allon yana ja kamar garwashi. Rana ta huɗu Yahuza ya samo magani: kada a shigar da sunan kowa sai an gama duba shi. Tun daga nan allon ya zama kore shar, marasa lafiya kuwa suna baje gindin bishiyar bedi a waje.

Ranar da manyan baƙi suka zo daga Damagaram, Hawa ta iso daga Gangara da mijinta Ila a amalanke. Kububuwa ce ta sare shi a gonar gero, ƙafa ta kumbura, dasashi na zubar jini.

"Baiwar Allah, ku jira a waje," in ji Yahuza. "Muna da baƙi."

Ta jira. Daga taga tana hango shi yana nuna allo da tsinken biro, baƙi na gyaɗa kai. Da Ila ya fara aman jini, ta kutsa ciki ba sallama.

"Malam, wannan talabijin ɗin ce ke yin allura? In ita ce, ku ce mata mijina na mutuwa."

Babban baƙon ya dubi allo. "Majo, ina sunansa?"

"Ranka ya daɗe, rezon intanet ne ya ɗauke."

Rabi, wata mai jinya da ta shekara ashirin tana aiki, ba ta tsaya jin sauran ƙaryar ba. Ta bangaje Yahuza, ta ɗauko maganin dafi, ta fita. A kan amalanken ta sa wa Ila ruwa, Hawa na riƙe da leda sama.

Ila ya rayu, amma an yanke masa yatsu biyu na ƙafa. Rabi ta samu takardar gargaɗi saboda ta yi jinya a waje. Yahuza kuwa, rahoto ya nuna ba a taɓa jira a ɗakinsa ba, sai aka tura shi ya koya wa wasu asibitoci aikin.