Mai Maganin da Ya Kori Saja Arzika Waje

Daga Zuru har Dirin Daji babu wanda bai san Saja Arzika ba. Mutum ne da ya je yaƙin Bama, zamanin yaƙin duniya na biyu, ya dawo da ƙafafunsa biyu. Ya yi kwana tara a daji ba abin da ya shiga cikinsa sai ganye, kuma zazzaɓin da ya kwashe Turawa uku a tanti ɗaya shi ko kishingiɗa bai sa shi ba. Irin waɗannan mazan yanzu sai dai a ji labari. To amma shekara biyu bayan an gama yaƙin basasa wani abu ya shigo masa gida wanda ya rasa ta inda zai kama, kuma abin ba kowa ba ne illa ɗansa Japhet.

Japhet ya shiga soja kamar ubansa, ya je ya dawo ko ƙwarzane babu a jikinsa. Yana cin tuwo, yana gaida mutane, amma daga gaisuwa ba ƙari. Wannan bai dami Saja ba, ai namiji ba a san shi da surutu ba. Maganar golmo ce ta tayar masa da hankali.

Golmo shi ne noman da saurayi da abokansa suke yi wa uban yarinya har shekara bakwai kafin a ba shi ita. Japhet ya yi biyar a gonar Philip saboda 'yarsa Saloma, sannan yaƙi ya ɗauke shi. Philip ya jira, ita ma Saloma ta jira. Da ruwan farko ya sauka samari suka jeru a gona, Japhet ya sa garma ya tayar da kunya huɗu masu kyau. Sai ya waiwaya ya dube su. Ya saki garma, ya cire hula, ya ƙame a wurin har rana ta take. Daga nan ya kama hanyar gida. Aka sake fita, ya sake yin haka.

Philip ya aiko da saƙo, ba faɗa ba zagi: saura mako uku a yi babbar huɗa. In Japhet bai kai layinsa bakin gona ba, shekara biyar ɗin nan sun tafi, shi ba zai ci gaba da tsare 'yarsa ba.

Saja ya kai yaron wurin mai magani a bayan dutse, aka yi masa hayaƙi har idonsa ya yi ja. Ba abin da ya canza. Ya kai shi asibiti, malamin asibiti ya ƙwanƙwasa ƙirji, ya leƙa ido, ya ce, "Baba, ɗanka lafiyarsa ta fi tawa."

"Ai na sani, jinina ne," in ji Saja. Sai da ya fito ƙofa ya tsaya cik. To in lafiya yake, me ya hana shi noma?

Yana dawowa ya ci karo da Saloma a hanyar rafi. Ta sauke tulu ta durƙusa.

"Baba, akwai wani Sylvester mai shagon magani a bakin kasuwa. An ce kafin yaƙi ya yi aiki a Kudu, a asibitin masu taɓin hankali."

"Ke! Ɗana mahaukaci ne?"

"A'a, Baba. Ai an ce shi hira kawai yake yi da mutum."

"Hira? Sylvester ɗin nan ba Ibo ba ne? Mutanen da yaron ya je yaƙa, su zan kai wa shi hira?"

Saloma ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Saura kwana goma sha tara, Baba."

Washegari Saja ya sa tsohuwar rigar kakinsa, ya jera lambobinsa a ƙirji don Ibon ya san da wa yake magana, ya tasa Japhet gaba. Sylvester ɗan siririn mutum ne mai tabarau. A Zuru ya girma, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya shigar da su ɗakin bayan shago, ya ba su benci. Saja ya duba ko'ina, ba allura, ba gado, ba ko sarƙar da ake cewa ana ɗaure irin waɗannan da ita.

"Japhet, yaya barci?" in ji Sylvester.

"Yana yi kamar an jefar da buhu," in ji Saja.

"Akwai abin da kake yawan tunawa?"

"Me zai tuna? Yaƙinsu na shekara biyu da rabi, a mota ake kai su. Mu a Bama da ƙafa muka..."

"Baba, shi nake tambaya."

"Ni na haife shi. Uba yana zaune ɗa ya buɗe baki? A garinku haka kuke yi?"

"To ka ba shi izini."

Saja ya juya. "Kai, amsa wa mutum!"

Japhet ya yi zumbur ya miƙe, ya haɗa ƙafa, ido a bango. "Lafiya lau, sa!"

"Ka ji ko?" in ji Saja, ransa fari. "Tarbiyya ke nan."

Sylvester ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Baba, don Allah ka ɗan fita waje."

Tun da Saja ya bar bariki ba a taɓa ce masa ya fita daga ko'ina ba. Ya dubi lambobinsa ya ga suna nan. Ya fita dai, don mai nema ba ya zafin kai, amma ya zagaya ya tsaya gindin taga. Da ya ji an tambayi yaron ko akwai abin da ke ba shi tsoro, ya cusa kai ya ce, "A gidanmu ba a tsoro!"

Aka tashi ba ƙwaya, ba ruwan magani. Sylvester ya ce jibi zai zo gonar Saja da kansa, a ajiye masa garma. Duk hanyar gida Saja yana juya maganar. Shi ya kawo mara lafiya, shi aka kora. Ya zo neman magani, an ce ya tanadi garma. Ko dai mutumin nan ma yaƙin ya taɓa shi?

Jibi sai ga Sylvester a kan keke, da takalmin roba. Ya ɗauki garma kamar mai ɗaukar jariri. Ya nuna wata ɗorawa can nesa ya ce, "Baba, can ne wurinka."

Daga gindin ɗorawa Saja ba ya jin komai, sai kallo. Kunyar da Ibon ya tayar ko akuya ta fi shi iyawa. Japhet ya tsaya yana kallonsa, can ya kasa daurewa, ya gyara masa riƙo. Suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba mai duban wani. Ranar ba abin da ya faru. Zuwa na biyu ma haka, sai dai da Japhet ya ƙame, Sylvester bai taɓa shi ba, ya tsaya kusa da shi kawai kamar masu jiran mota. A zuwa na uku Saja ya hango bakin ɗansa yana motsi. Ya daɗe yana motsi. Daga baya su biyun suka zauna a ƙasa, kuma wanda ya cire tabarau yana share ido mai maganin ne.

Saja ya tare shi a bakin hanya ya riƙe kan keken.

"Me ya ce?"

"Nasa ne, Baba. Ba zan ba ka ba."

"Ni na kawo maka shi!"

"Gaskiya ne. In kana so ka ji, ka ɗauki garma ka tsaya gefensa. Kada ka dube shi, kada ka tambaye shi, kada ka ambaci Bama."

"To me zan ce?"

"Ba komai."

"Kai kuma kukan me kake? Kai ne mai maganin ko shi?"

"Ina da ƙane da bai dawo ba," in ji Sylvester. Ya hau kekensa ya tafi.

Saja ya haye koguna da bindiga a ka, amma bai taɓa yin aiki mai wuya kamar shirun da ya yi washegari a gona, gefen ɗansa, ba. Sau uku labarin Bama yana zuwa masa har maƙogwaro yana haɗiyewa. Sun kusa tsakiyar gona Japhet ya yi magana da yarensu na Dakarci, ƙasa-ƙasa, idonsa a kan garma.

"Ni ba harbi aka sa ni ba, Baba. Binnewa aka sa ni. Wata bakwai. Namu da nasu, har da waɗanda ba soja ba. A jere muke yi, mu ja ƙasa mu rufe. In na waiwaya na ga kunyoyin nan, sai in ga kamar akwai mutum a ƙarƙashin kowace."

Saja ya buɗe baki zai ce ai wannan ba komai ba ne. Sai ya tuna wani rami a gefen wani kogi a Bama, wanda a duk labaransa na shekara ashirin da bakwai bai taɓa sa shi ba. Ya rufe bakin. Suka ci gaba da huɗa.

Ana jibi babbar huɗa Saja ya koma shagon Sylvester.

"To yanzu ya warke?"

"A'a."

"A'a? Duk wannan zaman?"

"Abin nan ba ya fita a mako uku, Baba. Zai riƙa zuwa wurina duk ranar kasuwa, wataƙila har kaka, wataƙila ya wuce. Amma jibi zai iya gwadawa in akwai wanda ya sani a gefensa. In ya tsaya, kada a daka masa tsawa. A tambaye shi abin da za a shuka a wurin, a jira ya amsa."

"Kowa ya san dawa ce."

"Shi nake so ya faɗa da bakinsa."

"Shi ke nan maganin?"

"Shi ke nan na jibi."

Saja ya fito kansa ya ƙara ɗaurewa. Ga wata matsalar kuma: abokan Japhet ba su san komai ba, shi kuwa ba zai tona cikin ɗansa a gaban samari ba. Wanda ya sani shi kaɗai ne. Uban saurayi kuwa ba ya shiga layin golmo, aikin yara ne, wurin dattijo inuwa.

Ranar huɗa samari goma sha biyu suka jeru a gonar Philip. Sai ga Saja ya tuɓe riga, furfura har ƙirji, ya shiga layin da ke gefen ɗansa. Gona ta ɗauki ihu.

"Saja, kai ma mata kake nema?" in ji Philip daga inuwa. "'Yata ɗaya ce fa!"

"Na zo in nuna wa 'ya'yan nan yadda ake yi ne. Kai zauna, ƙafarka ba ta taɓa wuce Ribah ba."

Aka sa garma. Kunya ta biyar Japhet ya waiwaya, hannunsa ya tafi ga hula. Tsawa ta taso wa Saja tun daga ciki, ya danne ta.

"Japhet. Me za a shuka a nan?"

Samari sun yi gaba. Mata masu kawo ruwa sun tsaya, Saloma a cikinsu, ta riƙe ƙwarya da hannu biyu.

"Me za a shuka, ɗana?"

"Dawa, Baba."

"Ta wa?"

"Ta baban Saloma."

"To mu je."

Sau goma sha ɗaya suka yi haka. Mutane suna ta raɗa, wasu na cewa tsohon ne ya ruɗe har ya manta abin da ake shukawa a Zuru. Shi kansa Saja bai san abin da yake yi ba, ya dai ga duk lokacin da yaron ya ce dawa, garma tana komawa ƙasa. Sauran samari sun gama sun sha kunu sun miƙe ƙafa kafin su biyun su iso bakin gona, rana ta karkata sosai.

Philip ya taso ya bi layin Japhet a hankali tun daga farko har ƙarshe, hannu a baya. Ya dawo ya dubi yaron, ya dubi uban.

"Layin ya karkace," ya ce. "Amma ya kai. Shekara shida ke nan. Baɗi kuma, Saja, in za ka zo, ka zo da 'yar tabarma."

Saja ya so ya mayar masa da magana mai zafi, ya yunƙura zai miƙe tsaye, baya ya ƙi. Haka ya tafi gida a sunkuye kamar mai neman kwabo a ƙasa, yana gaya wa duk wanda suka gamu da shi cewa layinsa ya fi na kowa miƙewa. Japhet yana biye da shi a hankali, garma biyu a kafaɗa.