Baƙuwar Malam Datti

"Ga ta nan kuma," in ji maigidana Balarabe, yana leƙe ta taga. "Litinin da Alhamis, ba fashi. Hansai, wannan ba zumunci ba ne."

Matar ta ratsa tsakar gida da mayafi ruwan toka, ta yi sallama a ƙofar Malam Datti. Shekara shida muna haya gida ɗaya da shi a Kawo. Tsohon mai buga tafireta ne a wata ma'aikata, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Katsina. Tun da ciwon suga ya kwantar da shi ya daina fita, sai wannan mata ta fara zuwa bayan la'asar. Ba wanda ya san ta. In ta shiga sai mu jiyo ƙus-ƙus, can kuma dariya.

"Ran Litinin da kunnena na ji ta ce masa 'rabin raina'," in ji Balarabe. "A gidan da muke da 'ya'ya mata! Wurin mai unguwa zan je."

Ni ma zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Na dama kunun tsamiya, na yi sallama ciki-ciki, na ɗaga labule ban jira amsa ba.

Tana zaune a tabarma kusa da ƙofa, shi yana kan gado. Littafi ne a hannunta, irin na soyayyar nan da ake shigowa da su daga Kano. Karanta masa take yi tana sauya murya, ta yi ta saurayi, ta yi ta budurwa, ta yi ta kaka mai mita. Malam Datti yana dariya har da tari.

Na miƙa masa kwanon. Ya miƙo hannu, sai ya kamo iska can gefena.

"Hansai ce?" in ji shi. "To, kin gani. Wata biyar ke nan ba na gani. Don Allah ki rufa mini asiri. In yarana suka ji za su kwashe ni zuwa Katsina, ni kuwa a nan nake so in ƙare."

"Wannan fa, Baba?"

"Turai ce. Da tana wasan ban dariya a rediyo. Ni nake buga musu takardun wasan."

Na dawo na ce wa Balarabe karatu take yi masa. Zancen idon ban faɗa ba.

"Karatu? Mutumin da ya tsufa a kan takarda shi za a yi wa karatu? Ke ma sun raina miki hankali."

Washegari ya je. Mai unguwa ya aiko aka gaya mata kada a sake ganin ƙafarta a gidan. Sau biyu na buɗe baki in gaya wa Balarabe gaskiya, in na tuna roƙon tsohon sai in haɗiye.

Ɗakin Malam Datti ya yi tsit. Wata rana na ɗauki littafin da ta bari na fara karanta masa, ina haɗa baƙi da ƙyar. Ya saurara kaɗan, ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Bar shi haka." Ya juya fuska bango.

Mako uku bayan nan, ranar Laraba da hantsi, na kai masa ruwan wanka na tarar ya cika.

Turai ta zo ran sadakar uku. Ta zauna a ƙarshen tabarma, mata suna ta kallonta a kaikaice. Da ta miƙe na raka ta har bakin titi. Na kasa haƙuri.

"Yaya, tsakani da Allah, mene ne tsakaninku?"

Ta daɗe tana gyara mayafinta.

"Ya nemi aurena shekara ashirin da biyu da suka wuce," ta ce. "Na yi masa dariya a gaban mutane."

Na juyo gida. Daga bakin lungu na waiwaya, tana tsaye inda na bar ta. Bas uku suka rage gudu a gabanta, ba ta ɗaga wa ko ɗaya hannu ba.