Fatar Damisar Alhaji Mamuda

A ɗakin ajiyar kaya na kwastan, Uwaisu ya riƙe biro, ya ƙi sa hannu. Sunansa ne a jikin akwatin, sunansa ne a takardar kwastan, alhali shi direba ne, bai taɓa taka ƙasar Indiya ba.

"Me kake jira?" in ji Alhaji Mamuda, maigidansa a ofis. "An rubuta fatar saniya. Sa hannu mu tafi."

Tun da Alhaji ya dawo New York a farkon 1974, ba shi da zance sai na dajin da ya je hutu a Indiya bayan taro. Masaukin tanti ne, amma da gadon ƙarfe da darduma da kwamin wanka, kuku yana kawo shayi har bakin gado. Kwana huɗu suna yawo a kan giwa suna neman damisar Indiya, mai ratsin nan, ba su ga ko wutsiyarta ba. Ranar tafiya wani mai jagora ya ja shi bayan tanti ya nuna masa fatar damisa, Alhaji ya saya.

Uwaisu ya san an hana fitar da irin wannan fata. Ya kuma san dalilin da ya sa ba a rubuta sunan Alhaji ba. In aka kama, direba ne zai rasa biza, ya kwashe matarsa Rabi da cikinta na wata bakwai daga ɗakinsu na unguwar Highbridge.

"Ranka ya daɗe, bari in ga abin da zan sa wa hannu."

"Yau kuma ni kake tuhuma?"

"A'a. Ko ruwa ya taɓa ta a hanya."

Ma'aikacin ɗakin kayan ya miƙo musu ƙarfen buɗe akwati, ya koma wajen wayar da ke ta ƙara. Alhaji ya tsaya ya kare akwatin da babbar rigarsa, yana waige-waige.

Uwaisu ya ɓalle murfin. Ga ta nan, ja da baƙi, har da kai da idanun gilashi. Ya cusa hannu ya juya gefenta. A majemar Kano ya tashi, shekara goma sha biyu yana kankare fata a gaban mahaifinsa, don haka yatsunsa suka riga idonsa ganewa. Kaurin bai yi masa daidai ba. Ya buɗa gashin wani ratsi, sai ya ga baƙin bai kai gindi ba, ƙasan fari fat. A wajen cinya ya taɓo tabon lalas, irin wanda makiyaya ke yi wa dabbarsu da ƙarfe mai zafi. A wuya kuwa ga ɗinki siriri inda aka haɗa kan.

Ɗan maraƙi ne aka rina.

Ya rufe akwatin, ya sake karanta takardar. Fatar saniya, guda ɗaya. Ya sa hannu.

A mota Alhaji ya saki jiki, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Na san halinka, Uwaisu, ba ka son ƙarya. Zunubin yana wuyana."

Uwaisu ya dube shi ta madubi. Mutumin da ya shirya tsaf ya bar shi a hannun kwastan, ga shi yana murmushi kamar yaro da sabuwar riga. In ya faɗa masa gaskiya, ya zama direban da ya san an yi wa maigida wayo a bayan tanti, kuma irin wannan direba ba ya daɗewa a aiki.

"Af, na tuna," in ji Alhaji. "Ranar Asabar manyan baƙi za su zo gida. Akwai wani ɗan Gana mai gardamar tsiya, zai ce ba ta gaske ba ce. Kai ɗan majema ne, kowa ya sani. Zan kira ka falo ka duba ta a gabansu, ka gaya musu abin da ka gani."

Fitilar kan titi ta ba da hannu. Na baya ya danna ham.

"To, ranka ya daɗe," in ji Uwaisu, ya sa giya.