Darasin Sitaci da Kujerar Baya

Wata biyu da rasuwar yayarta Malama ta koma aiki, sai ta tarar darasin sitaci ne a gabanta. Ta duba manhaja sau biyu ko za ta samu hanyar tsallake shi. Babu.

Baba, dattijon da ke kula da ɗakin gwaji, ya riga ya jera kwalaben ruwan sitaci, an zuba wa ɗaya yawu, ya ajiye aidin, maganin gwada sitaci, da ruwan ɗumi da yankakken burodi a faranti.

"Kowa ya ɗauki guntu ɗaya," ta ce wa ɗalibai. "Ku tauna, kada wanda ya haɗiye sai na ce."

Ta juya ga allo ta zana doguwar sarƙa. Sitaci, in ji ta, ƙwayoyin sukari ne ɗaure da juna, shi ya sa harshe ba ya jin zaƙinsu. A cikin yawu akwai sinadarin da ke taimaka wa ruwa ya shiga ya tsinka ƙulli bayan ƙulli, har sukarin ya fito fili.

Aji ya yi tsit, sai ƙarar tauna. Irin ƙarar da ta kwashe mako uku tana ji a asibiti. Ciwon maƙogwaro ya hana Yaya haɗiya, amma kullum da hantsi sai ta nemi burodi, ta yi ta juya shi a baki, sannan ta tofar a kwano.

"Auta, wa ke sa wa burodin nan sukari?" ta tambaya wata rana.

Shekara goma sha ɗaya Malama tana koyar da amsar, amma ta ce, "Ni ce, Yaya."

"Allah Ya yi miki albarka. Ke kaɗai kika san bakina."

Ba ta taɓa gyara maganar ba har aka rufe Yaya.

"Ya yi zaƙi."

Daga bayan aji muryar ta fito, a shaƙe, a hankali. Alli ya karye a hannun Malama. Ta waiwaya. Kujerar ƙarshe babu kowa, sauran kuwa kumatu cike, suna jiran umarni.

"Wa ya yi magana?"

Suka kalli juna.

Baba ne ya matso ya ɗiga aidin a kwalabar farko, ta koma baƙi mai shuɗi. Ya ɗiga a wadda aka zuba wa yawu tun ɗazu, ta tsaya ruwan ƙasa. Malama ta bayyana dalili da muryar da ba ta gane tata ce ba, ta ce su haɗiye.

Da aka tashi ta ce, "Baba, ka ji wani abu ɗazu?"

"Ni kunnena ya riga ni yin ritaya, 'yata." Ya ɗan dube ta. "Je ki gida, zan wanke."

Ba ta tafi ba. Ta tsaya gefensa a bakin famfo, tana miƙa masa kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta juya wa kujerun ajin baya.