Jirgin Skardu Bai Sauka Ba

Alƙalin da ya rubuta takardar nan, na rantse bai taɓa ganin dutsen da ya fi gidansa tsawo ba. Yana zaune a Karachi ƙarƙashin fanka ya yanke cewa jikata Rubab za ta zauna wurin uwarta, 'yata Kaniz, a nan Skardu, amma duk hutun sanyi sai an kai wa ubanta Shabbar ita kafin ashirin ga Disamba ta wuce. Ta jirgi kuma, ban da mota, don lauyan uban ya ce hanyarmu maƙabarta ce. In aka saɓa ko ɗaya, uban na da damar neman a ba shi yarinyar ɗungurungum.

Maƙabarta! Shekara talatin da ɗaya ina jan babbar mota a hanyar nan, ko akuya ban taɓa takawa ba. Kuma ko yaron goye ya san jirgin Skardu da sanyi sai ya ga dama, in gajimare ya rufe duwatsu ba ya sauka.

Kaniz ta yi abinta da wuri. Ta yanki tikiti tun sha biyar ga wata, daga nan zuwa Islamabad, daga can zuwa Karachi, ta cike takardar da ma'aikaciyar jirgi za ta riƙe yarinyar har hannun ubanta. Safiya biyar muna zuwa filin jirgi da 'yar jakarta, safiya biyar muna dawowa mu sha shayin gishiri.

Ranar sha tara Kaniz ta kira Shabbar a waya a gabana.

"Shabbar, don Allah ka ƙara mana kwana biyu. Ka duba labarin yanayi da kanka."

"Ni ba da gajimare na yi shari'a ba," ya ce. "Takarda ta ce ashirin."

Na fizge wayar. "Kai Shabbar, ka ci gurasar gidan nan shekara huɗu. Sau nawa jirgin nan ya bar ka zaune kana cinye mana busassun 'ya'yan itace? Yau ne ba ka san halinsa ba?"

"Baba, girmanka nake gani. Ku yi magana da lauyana."

Ya kashe. Raina ya ɓaci. Ba ɗokin ganin 'yarsa yake ba, jira yake mu faɗi. In mun jira jirgi mun saɓa rana, in mun bi hanya mun saɓa sharaɗi, gaba kura baya sayaki.

Na ari motar maƙwabcina, na ɗaura wa tayoyin sarƙa saboda santsin ƙanƙara. Kaniz ta naɗe Rubab a bargo biyu tana kuka, don ba damar ta bi mu, makarantar da take koyarwa ba ta sallami malamai ba tukuna. Awa sha tara muka yi. A garin Chilas yarinyar ta yi amai, na wanke mata fuska da ruwan ɗumi, ta ce in ci gaba da ba ta labarin duwatsun. Da hantsin ashirin ga wata muna filin jirgin Islamabad don ta hau na Karachi, aka rataya mata jakar takardu a wuya kamar kayan saƙo.

Saura abu ɗaya, shi ne ya dame ni tun daga gida. Uban zai tambaye ta yadda ta zo. Ni kuwa tun tana rarrafe nake ce mata ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Na durƙusa a gabanta ina neman yadda zan ce mata ta ɓoye masa cewa ta mota muka zo.

Ta gyara mini hula, ta kira ni Apo, wato kaka.

"Apo, kar ka damu. Zan ce wa Abbu ta taga na zauna, na ga ƙanƙara a kan duwatsu, an ba ni lemo. Na maimaita a mota lokacin da kake tsammanin barci nake."

"Wa ya ce ki faɗi haka?"

"Ba kowa. In na faɗi gaskiya ba zan koma wurin Ammi ba, ko?"

Shekararta takwas. Ma'aikaciyar ta kama hannunta suka shige, ni kuma, tsohon banza, ban ce mata kada ta faɗa ba.